Tsallaken da Na Ƙi Yi a Garin Kakata

Tun da na dawo daga Nijar ba a bar ni na huta ba. A majalisarmu ta Ƙofar Marusa tambaya, a masallaci tambaya, har mai shayin bakin titi sai da ya ce, "Malam Idi, yaya Faransa?" Kowa na ce mashi ta'aziyya na je, lafiya lau. To ƙarya ce, ko in ce rabin ƙarya, kuma na gaji da ita. Zan rubuta yadda aka yi, wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. Aji huɗu na tsaya a firamare, kar wani ya zo yana gyara mani rubutu. In kuma kun gama wani ya ga ba zai ƙara zama kusa da ni a benci ba, ba komai. Shekara goma sha ɗaya ina gadin wani gida a GRA, masu shi suna Abuja, ni da iccen mangwaro muke yini. Na saba.

Ga abin da ba ku sani ba. Inna, mahaifiyata, ba 'yar Katsina ba ce. A wani ƙauye aka haife ta can arewa da Maraɗi, ba zan faɗi sunanshi ba. Zamanin Nasara, tana da kamar shekara shida, wani yaro mai suna Bawa ya kwanta ciwo a maƙwabtansu. Aka ce uwar Inna, Tarana, ita ta kama mashi kurwa. Wan yaron, Nomau, shi ma yaro ne lokacin, ya ba da shaida ya gan ta. Aka tara gari, aka shimfiɗe mara lafiya a ƙasa, Tarana ta tsallake shi sau uku, yadda ake sa maye ya yi don ya saki wanda ya kama. Yaron bai tashi ba, ya mutu. Sarki ya tura ta bariki wurin Kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, aka yi mata shari'a ta bakin tafinta, aka ɗaure ta tana ɗaukar dutsen hanya. Can ta mutu. Ba wanda ya san kabarinta. Goggon Inna ce ta goyo ta ta tsallako da ita Katsina, ta ja mata kunne kar ta ƙara kiran sunan uwarta.

Kun san abin da mutane ke cewa, a nono ake shan maita. Inna ta sha nonon Tarana, ni na sha na Inna. Sauran ku ƙarasa da kanku. Matata, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Allah ba ta sani ba.

Da rani wani mutum siriri mai tabarau ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya ce sunanshi Lawali, malamin makaranta ne a garin su Inna, can mushe suke ce ma malamin boko. Shi ba ɗan garin ba ne, aiki ya kai shi. Ya ce ya tono takardar shari'ar Tarana cikin tsofaffin takardun bariki, ya bi dangi dangi har ya same mu. Ya ce ya ji a rediyo can ƙasashen Turawa yanzu ana tsayawa gaban jama'a a ba matan da aka kashe kan maita haƙuri, waɗanda suka mutu tun kaka da kakanni. Ya ce me zai hana mu ma mu yi. Inna ba ta fito ba. Daga bayan labule ta ce, "Su waɗanda aka ba haƙurin, sun ji?" Mushe ya cire tabarau ya goge ya mai da.

Ƙarshen damina ya aiko an sa rana, sarki da liman sun yarda. Inna ba ƙafa, ido ma ya tafi. Ta kira ni ɗakinta.

"Idi, ka tafi da bakina. In ka ga da gaske suke, ka ce Dije ɗiyar Tarana ta yafe. In ka ga wasa ne, ka dawo mani da maganata, in kai ta gaban Allah da kaina."

"Inna, ta yaya zan gane?"

"Kai ba maigadi ba ne? Ba ka gane wanda ya zo ƙofa da alheri?"

Da wannan na fita. Kaya kala biyu a leda, da maganar tsohuwa wadda ban san yadda zan yi da ita ba.

Da sassafe na shiga motar Jibiya, don kowa ya san wannan hanya ba a yi mata yamma. Mu huɗu a baya, aka matse ni jikin ƙofa da wata Hajiya 'yar kasuwa mai kai atamfa Maraɗi. Ba mu fita gari ba ta san sunan kowa.

"Malam, wurin wa za ka?"

"Ta'aziyya, Hajiya."

"Ayya! Wa ya rasu?"

"Kakata."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ga furfura. "Kai, ta sha miya! Allah ya jiƙanta. Yaushe ta cika?"

"An ɗan jima."

Sai ta sa duk motar aka yi ma Tarana fatiha, har direba ya saki sitiyari ya shafa. Ina jin tun da ta mutu ba a taɓa tara mata hannun mutum shida lokaci guda ba. Na juya fuska waje.

Gaba kaɗan taya ta fashe, a daidai inda ba gida ba gari, gero ya fi mutum tsawo hagu da dama. Ba wanda ya yi wasa. Direba yana kwance ƙusa da sauri, wani Bafillace da ke gaba ya tsaya yana kallon daji kawai. Hajiya ta ce, "Kai mai ta'aziyya, riƙe mashi mana, ko so kake a yi tamu?" Na riƙe. Jak ɗin ya zame ya murje mani babban yatsa, farcen nan har yau baƙi ne, wanda ya ce ƙarya ya zo ya gani.

A Magama muka sauka muka bi layi. Ɓangarenmu ba a ɓata mani lokaci ba. A Ɗan Isa wani jandarma ya karɓi katina ya duba hoto ya dube ni, ya sake dubawa. Hoton tun ina da kumatu ne.

"Wanga ƙanenka ne?"

"Ni ne, yallaɓai."

"To mi ya cinye ka haka?"

"Nijeriya."

Ya yi dariya har ya kira ɗan'uwanshi ya maimaita mashi, sannan ya miƙo mani. Ban yi nisa da wurin ba na ciro waya in gaya ma Inna na tsallaka, sai na ga layi ya ɗauke. Na ɗaga ta sama, na kashe na kunna, shiru. Hajiya ta ce sai na sayi layin can. Ban saya ba. Wa na sani da zan kira in ba Inna ba, ita kuma me zan ce mata tukuna?

Maraɗi gari ne kamar namu, Hausa ce, amma kamar an ba ka rigar wani. Na tsaya bakin titi ina kiran "Acaba! Acaba!" babura suna wuce ni, sai da wani mai kanti ya ji tausayina ya ce kabu-kabu ake cewa. Makaranta lakwal, asibiti kuma likita, ginin ma likita ne ba mutumin kaɗai ba. Burodinsu dogo kamar sanda, na gatsa ya yanke mani dasashi. Amma dambun zogalensu da ƙuli, gaskiya sun fi mu, ba gardama. Shayi kuma a ɗan kofin da bai kai maƙogwaro ba, ɗaci kamar magani, kuma sai ka jira na biyu da na uku, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin kunya. Ban sani ba, na tashi. Mai shayin ya ce, "Ɗan Nijeriya, kullum kamar ana korarku."

Motar wajen ƙauyen sai ranar kasuwa, wato washegari. Na kwana a rumfar masallacin tasha cikin fatake. Ba wanda ya tambaye ni ko ɗan wa ne. Wani Buzu ya matsa ya ba ni rabin tabarmarshi, muka ci tuwo kwano ɗaya, bai jin Hausa sosai, ni ban jin nashi. Na faɗi wannan ne don shi ne cin abinci na ƙarshe da na yi cikin kwanciyar hankali a tafiyar.

Washegari a bayan akori-kura, kan buhunan gishiri, har inda kwalta ta ƙare, har inda jar hanya ma ta ƙare. Daga nan sai amalanken shanu. Mai amalanken dattijo ne mai surutu, ya ba ni labarin damina, ya zagi tsutsar gero, ya miƙo mani gorar furarshi na sha. Sai ya ce, "Baƙon wa ne?"

"Baƙon Mushe Lawali."

Ya waiwayo ya dube ni. "Kai ne jikan matar nan?"

"Ni ne."

"Madalla. Sannu da zuwa. Madalla."

Daga nan bai ƙara magana da ni ba, da shanun yake yi. Gorar da ke tsakaninmu ya ɗauke ta ya mai da ɗaya gefen, a hankali, wai kar in lura. Aikina ke nan lura.

Mun shiga garin wajen la'asar. Ku da kuka san ƙauye, in baƙo ya sauka yara ne ke fara kewaye shi. Ban ga yaro ko ɗaya ba. Na ga tsofaffi a gindin bedi, sun gaishe ni gaisuwa mai kyau, doguwa, har gajiya da iyali da mutanen Katsina. Na ji muryar mata ta bayan danga suna kiran sunaye, ana rufe ƙyaure.

A wurinmu baƙo rububinshi ake yi, kowa ya ce zaurenshi. Ni lakwal aka kai ni, bayan gari, aka ture bencuna aka shimfiɗa mani katifa sabuwa a cikin aji. Mushe ya ce don girmamawa ne, nan ya fi iska. Abinci kuwa ya zo kamar na biki: tuwon hatsi miyar kuka, zabi biyu, fura da nono, kwano tara na ƙirga. Sai dai a bakin ƙofar aji ake ajewa a juya. Kuma duk kwanonin sababbi ne na roba, da takardar kanti a gindinsu, ba wanda ya dawo karɓar ko ɗaya. Mushe ya zauna ya ci da ni, Allah ya saka mashi. Yana ci yana bayani, wai abin tarihi ne za a yi, wai garin zai wanke kanshi. Mutumin kirki ne. Amma shi kaɗai ne a garin bai ga abin da nake gani ba, ko kuwa ya gani ya ƙi kallo.

Kwana biyu na yi a ajin nan kafin ranar taro. Ina zaune ina kallon allo da rubutun Faransanci. Na fita sau ɗaya na tambayi inda gidan su Tarana yake, aka nuna mani wani fili da aka shuka kuɓewa. Na tsaya na rasa abin da zan ji, na dawo.

Ranar taro da hantsi aka kafa rumfa ƙofar sarki, aka kawo lasifika da batir. An zo daga ofishin magajin gari, har da mai ɗaukar hoto. Aka zaunar da ni kan kujera mai hannu a gaba, kujerun hagu da dama ba kowa. Mushe ya karanta takardar Kumandan da Faransanci, sannan ya juya ta da Hausa. Ba ta da tsawo. Nasaran ko sunanta bai rubuta daidai ba. An rubuta gari ya kawo ƙara, yaro ya ba da shaida, ta tsallaki mara lafiya gaban jama'a, wanda ya nuna ita ma ta amsa laifinta. A ɗaure ta don garin ya zauna lafiya. Shi ke nan. Ran mutum guda bai cika rabin shafi ba.

Liman ya yi wa'azi mai kyau, ya ce zato zunubi ne, ciwo da mutuwa na Allah ne. Wakilin sarki ya tashi ya ce, "Kakanninmu sun yi kuskure, Nasara ya sa hannu bisa kuskurensu. Tarana ba mayya ba ce. Muna roƙon ɗiyanta da jikokinta su yahe muna." Ba zan ɓoye maku ba, da na ji an faɗi sunanta a lasifika, an ce ba mayya ba ce, sai da na sunkuyar da kai. Shekara hamsin da biyar ban taɓa jin an faɗi sunan nan da ƙarfi ba. Wata tsohuwa a cikin mata ta fashe da kuka. Aka miƙo mani takarda cikin gilashi da hatimi, aka ɗauki hoto, sannan aka sa mani lasifika a baki.

Maganar Inna ta zo har kan harshena. Sai na duba taron, mutum ya fi ɗari biyu, ba goyo ko ɗaya a bayan mace. Na ce, "Na ji, na gode. Ku ba ni zuwa gobe da safe." Aka yi tafi, don ba su san me za su yi ba.

Bayan azahar Mushe ya zo ya ce wani tsoho na kirana, bai iya zuwa taro ba. Ya ce Nomau ne. Ban san yana da rai ba.

Mushe ya raka ni, muka iske tsohon a zaurenshi kan buzu, ƙashi da fata, ido duk ya yi fari. Ya ce in matso. Ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Dije tana nan da rai?"

"Tana nan, Baba."

"Tana da wushirya. Mun yi wasan ƙasa tare." Ya matse hannuna. "Yaro, ban ga komi ba. Ka ji? Ban ga uwarta ta yi komi ba. Ƙanena shina kwance shina mutuwa, baffana ya riƙe ni nan ga kahwaɗa, shina ta tambaya, ba ita ka gani bakin rijiya tana kallonai ba? Ba ita ba ce? Na ce ita ce don ya sake ni. Gaban sarki na sake hwaɗi, gaban Nasara na sake hwaɗi, don na riga na hwaɗi. Na yi aure, na haihu, na je Makka, abin nan bai sauka ba."

Ya sa aka kawo fura a ƙwaryarshi, tsohuwar ƙwarya mai ɗinki. Ludayi ɗaya. Ya sha ya miƙo mani, na sha, ya karɓa ya sake sha. A raina na ce to, ga wanda ya zo ƙofa da alheri. Na buɗe baki ke nan zan ba shi saƙon Inna, sai wata mata ta shigo daga cikin gida ba sallama.

Matar jikanshi ce, Sa'a, yarinya ce ba ta fi ashirin da biyar ba. Tana rungume da ɗiyarta Nana, 'yar shekara uku, kai ya langaɓe, ido ya juye, jiki kamar garwashi, daga inda nake ina jin zafin. Ta shimfiɗe ta a ƙasa gabana. Ta durƙusa har goshinta ya kusa taɓa ƙafata.

"Baba, don Allah don Annabi ka tsallake ta."

Na ji kamar an watsa mani ruwan zafi. Mushe ya ce, "Sa'a! Ba ki ji abin da liman ya ce ɗazu ba?"

Ko kallonshi ba ta yi ba. "Na ji. Baba, ni ban ce kai ne ba. Wallahi ban ce ba. Amma ran da ka sauka garin ga ta kwanta. Ka tsallaka dai. In ba kai ba ne, mi za ka rasa?"

Ba zagi a muryarta, ba tsana. Da zagina ta yi da ya fi mani sauƙi. Na dubi ƙofar zaure, mata sun cika ta, waɗanda suka yi tafi ɗazu. Na gane inda nake tsaye. In na tsallaka, na amsa, kamar yadda Nasara ya rubuta ma kakata. In na ƙi yarinyar ta mutu, na cinye ta. Ba ƙofa ta uku.

Na ce, "Ba ni tsallakawa. Zazzaɓin damina ne, a Katsina ma yara na ta kwanciya. Ku kai ta likita."

"Baba, taki ɗaya ne."

"Na ce ba ni yi."

Ta kama bakin wandona. Na janye ƙafata. Na janye ta da ƙarfi, har ta faɗi kan hannunta. Wannan ma na rubuta shi don ya faru.

Sai tsohon nan ya rarrafo daga kan buzunshi, yana lalube, har ya kai ga yarinyar ya dafa ta. Ya ɗaga murya, ban san yana da sauranta ba.

"Ba mai tsallake kowa cikin gidan ga! An yi sau ɗaya, ni na jawo, Bawa bai tashi ba. Ku ɗaura shanu!"

Aka ɗaura amalanke. Likita tana garin gaba, tafiyar awa biyu. Mushe ya bi su. Sa'a ta hau da ɗiyarta a cinya, har suka sha kwana ni take kallo. Ni kuma na koma aji na zauna cikin kwanonin roba. Ranar ba a kawo abincin yamma ba. Ban kuma koma wurin Nomau ba, raina ya ɓaci da kowa, har shi.

Da safe wakilin sarki ya zo da mutum biyu karɓar amsa. Suka tsaya daga bakin ƙofa. Na ce maganar ba tawa ba ce, mai ita tana Katsina, zan kai mata abin da na gani. Ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya." Na ga kamar sauƙi ya ji. Ba labarin yarinya, Mushe bai dawo ba. Ba amalanken da ya samu zuwa ranar, kowa shanunshi sun gaji. Na taka da ƙafa har bakin jar hanya, ledata a hannu.

Dawowa ba abin faɗi. Mota, boda, mota. A Magama layi ya dawo, wayata ta yi ƙara, na duba, saƙon kamfani ne.

Na iske Inna zaune bakin gado kamar tun da na tafi ba ta motsa ba. Na ba ta labari tun daga fatihar mota har ƙwaryar Nomau. Ba ta katse ni ba. Da na zo kan Sa'a sai ta ce, "Yarinyar fa?"

"Ban sani ba."

"Ka baro gari ba ka sani ba? Kira."

Sai rana ta uku na samu Mushe. Ya ce an yi ma Nana ƙarin ruwa da allurai, ta tashi, har tana cin abinci. Na ce alhamdu lillahi. Sai na ji yana jan magana. Na ce ya faɗi. Ya ce mata na cewa ai dama tunda baƙon ya bar gari dole ta tashi. Ya ce, "Malam Idi, ka yi haƙuri. Na zaci takarda za ta isa." Na ce ba laifinshi ba ne. Ya yi abin da ya iya, kuma an faɗi sunanta a lasifika, wannan ba a iya mai da shi.

Inna ta ce ya kai wayar wurin Nomau. Muka jira yana tafiya, ina jin kukan awaki ta cikin wayar. Na kara mata a kunne.

"Nomau. Dije ce." Ta saurara. "A'a, wushiryar ta tafi, ba haƙori ko ɗaya yanzu." Ta ɗan yi dariya. Sai ta daɗe tana ji, ban san me yake cewa ba, ina dai jin kamar kuka. Ta ce, "Ya isa. Yaro ne kai. Na yafe maka duniya da lahira. Kai kaɗai. Sauran garin ban ce ba, ban kuma ce a'a ba, ina nan ina saurare in Allah ya ba ni kwana."

Na kashe wayar. Na ce to Inna, ko ba komai ban ba su abin da suke so ba, ban tsallaka ba. Ina jira ta sa mani albarka.

Sannan ta ce, "Ina wurin ranar. Ina riƙe da zanenta. Ba wanda ya ja ta, Idi. Maza sun yi ta ihu ta ƙi motsawa. Sai uwar Bawa ta faɗi gabanta tana kuka, tana cewa taki ɗaya ne. Ƙawarta ce, tare suke daka. Uwata ta ɓamɓare hannuna daga zanenta ta je ta tsallaka."

Na ce, "To ni da na ƙi, na yi daidai ko ban yi ba?"

Ta ce, "Kai ka dawo gida. Ita ba ta dawo ba. Tashi ka tafi wurin aikinka, ka bar gidan mutane ba kowa."

Na tashi na tafi. Abin da na gani a Nijar ke nan, kar a ƙara tambayata. Ina majalisa ran Juma'a bayan la'asar in Allah ya kai mu, a gefen bencin da na saba zama.